Yadda Ake Mayar da Tsohon Akwatin Wutar Gida Ya Zama Akwatin Reshe

Yawancin lokutan da aka kira ni wannan aiki, labarin ɗaya ne. Gida ya kwana biyu, akwatin birekokinsa, wato makasan da ke yanke wuta da kansu idan ta yi yawa, na amp 100 ne, kuma kayan wuta sun ƙaru: na'urar sanyaya ɗaki, murhun lantarki, wani lokaci har da cajar mota. Sai a girka sabon babban akwati na amp 200 kusa da mita. To, wayoyin ɗakuna duk sun taru ne a tsohon akwatin, kuma jawo su ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon wuri aiki ne mai cin kuɗi da fasa bango. Mafita ita ce a bar tsohon a inda yake, ya riƙa karɓar wuta daga sabon, ya zama reshe.

Bayanin nan ya shafi tsarin gidajen Amurka, inda wuta ke shigowa da layif biyu, wato wayoyin da ke kawo wutar, masu bolt 120 kowanne, 240 a tsakaninsu, da nitiral ɗaya. Lambobin da zan kawo daga dokar lantarki ta ƙasar ne, wadda ake kira NEC. Kowace jiha ko birni na da bugun da take aiki da shi, don haka maganar sufeton yankinku ita ce ta ƙarshe.

Kayan aiki

Malti-mita mai kyau, da testa mai gano wuta ba tare da taɓa waya ba, da mita mai baki wadda ake maƙala wa waya don auna amp. Sukudirebobi masu rufin roba, filaya, abin fere waya, da makullan alan na manyan bakunan waya. Sai sukudireba ko sifana mai auna ƙarfin ɗauri, wadda masu koyo ke yawan rainawa, alhali tun bugun 2017 doka ta ce a yi amfani da ita duk inda kamfani ya rubuta adadin ɗaurin. Ka tanadi fitilar goshi, domin gidan zai kasance babu wuta, da tabarau na kariya, da safar hannu, da tef mai launin fari, ja da kore, da alƙalamin rubuta lakabi.

Kayan sawa kuwa: kebul ko wayoyi huɗu na ciyar da reshen, bireka mai ƙafa biyu wadda ta dace da sabon akwatin, sandar ɗaurin wayoyin at (wato wayoyin kariya, kore ko tsirara) wadda kamfanin tsohon akwatin ya ƙera masa, marufan toshe ramukan da ba a amfani da su, maƙalan riƙe kebul a bakin akwati, da man hana tsatsa idan wayar alminiyam ce kuma kamfanin ya ce a shafa.

Abu ɗaya da dole ka fahimta

Nitiral hanya ce da wuta ke komawa ta cikinta kullum. At kuwa, wato waya kore ko tsirara, hanyar gaggawa ce: tana zaune shiru har sai layif ya taɓa jikin ƙarfen wata na'ura, sannan ta kwashi wutar da ƙarfi ta sa bireka ta faɗi. A duk gidan, wuri ɗaya tak aka yarda su biyun su haɗu, wato babban akwatin farko inda wuta ke shigowa. Tsohon akwatinka a da shi ne wannan wuri, shi ya sa za ka tarar da farare da tsirarun wayoyi a cakuɗe kan sanda ɗaya. Daga ranar da ya zama reshe, wannan haɗin ya zama haɗari. Idan ka bar shi, wutar da ke komawa za ta rabu biyu, wani kaso ta nitiral, wani kaso ta wayar at da jikin akwati da bututun ƙarfe. Idan kuma wata rana nitiral ya kwance, dukkan wutar za ta koma ta jikin ƙarafan da mutane ke taɓawa, fitilu na ci lafiya lau, babu wanda ya san komai har sai ta ja wani. Duk matakan da ke ƙasa hidima suke wa wannan rabuwa.

1. Duba ko akwatin ya cancanci a ci gaba da shi

Kafin ka sayi ko da inci ɗaya na waya, karanta takardar da ke manne a bayan ƙofar akwatin. Ita za ta gaya maka iyakar amp ɗinsa, irin birekokin da ya yarda da su, lambar sandar at da ta dace da shi, da wurin da sukurun haɗin nitiral yake. Sannan ka duba cikinsa: tsatsa a ƙasa alamar ruwa na shiga ce, baƙin tabo ko narkakkiyar roba a inda birekoki ke kama sanda alamar zafi ce. Akwatin da ya nuna ɗaya daga cikinsu, ni ba na mayar da shi reshe.

Haka nan akwatunan Federal Pacific masu birekar Stab-Lok da na Zinsco. An daɗe da sanin cewa birekokinsu kan ƙi faɗuwa lokacin da ya kamata, kuma kamfanonin inshora da dama ba sa son su. Idan irinsu ne a gidan, a cire hanjinsu. Ana iya sa sabon ƙaramin akwati a gurbin, ko a mayar da tsohon ƙwaryar wurin haɗa wayoyi kawai mai rufaffen murfi, idan sufeto ya amince. Tsofaffin akwatunan fis ma sau da yawa nitiral ɗinsu a manne yake da jikin ƙarfen tun daga masana'anta, babu hanyar raba shi, don haka canji ya fi.

Duba wurin ma. Doka na son fili a gaban akwati mai faɗin inci 30, zurfin inci 36, da tsayin ƙafa 6 da rabi. Ba a yarda da birekoki a banɗaki ko ɗakin ajiye tufafi ba.

2. Takardar izini da kamfanin wuta

Nemi izini daga ofishin gine-gine na yankin. Wasu wurare sun yarda mai gida ya yi aikin gidansa, wasu kuma sai mai lasisi. Sannan ka shirya da kamfanin wuta ranar da za su yanke layin. Ka riƙe wannan da kyau: kashe babbar birekar tsohon akwati ba ya kashe manyan wayoyin da ke shigowa daga mita. Suna nan da wuta, kuma babu wata bireka a gidan da ke kāre su. Kada ka cire mita da kanka. Idan wannan ne karonka na farko, ka yi aikin a gaban wanda ya ƙware, ka bar masa ɓangaren mita da babban akwati.

3. Zaɓi girman bireka da waya

Birekar da za ta ciyar da reshen tana zama ne a sabon babban akwati, kuma ba za ta wuce iyakar amp na tsohon akwatin ba. Ita ce ke yanke girman waya. Ga amp 60, jan ƙarfe lamba 6 a cikin bututu ya isa, da wayar at lamba 10. Ga amp 100, jan ƙarfe lamba 3 ko alminiyam lamba 1, da at lamba 8 na jan ƙarfe ko lamba 6 na alminiyam. Ka tuna cewa a wannan ma'auni, ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri.

A nan mutane da yawa ke zamewa. Za ka ji an ce alminiyam lamba 2 na ɗaukar amp 100. Wannan sassauci ne da doka ta yi wa wayar da ke ɗauke da nauyin gidan gaba ɗaya. Idan an mayar da wasu layuka sabon akwati, misali na'urar sanyi ko cajar mota, reshen bai ɗauki gidan duka ba, sassaucin ya faɗi, kuma lamba 2 ta tsaya a amp 90. Idan ka riga ka sayi wayar, ba asara ba ce: sa bireka ta amp 90. Idan tazarar ta yi nisa sosai, kamar fiye da ƙafa 100, ƙara kaurin waya don kada ƙarfin wutar ya ragu a hanya.

Tsohon kebul ɗin da ya taso daga mita galibi mai waya uku ne, layif biyu da tsiraren nitiral da ya nannaɗe su. Ba zai yi wannan aiki ba, sai an canza shi da mai huɗu. Amma idan bututun ƙarfe ne ya haɗa akwatunan biyu ba yankewa, kuma gaɓoɓinsa a ɗaure suke tam, doka ta yarda bututun ya tsaya a matsayin at. Duk da haka ni nakan zura koriyar waya a ciki, domin gaɓar bututu na iya sakin jiki bayan shekaru ba wanda ya lura.

4. Kashe wuta, tabbatar, ɗauki hoto

Bayan kamfani ya yanke layin, gwada mitarka a wani wuri da ka san akwai wuta ko a na'urar gwaji, don ka tabbata tana aiki. Auna tsakanin layif da layif, kowane layif da nitiral, kowane layif da jikin akwati. Sai ka ga sifili ko'ina. Idan gidan na da sola, batir ko janareto, kashe su ka kulle makashinsu, domin suna iya turo wuta ta baya. Ɗauki hotuna da yawa, sannan ka liƙa wa kowane kebul lakabi kafin ka kwance komai.

5. Cire haɗin nitiral da jikin akwati

Nemo abin da ya haɗa sandar nitiral da ƙarfen akwatin. A akwatunan zamani koren sukuru ne dogo wanda ya ratsa sandar ya shiga bayan akwatin. A tsofaffi yakan zama ɗan falle na jan ƙarfe, ko guntuwar waya, ko sukuru marar launi da ba za ka bambanta shi da sauran ba sai da taimakon zanen da ke ƙofa. Cire shi gaba ɗaya, ka fitar da shi daga akwatin, don kada wani ya zo daga baya ya ɗauka mantawa aka yi ya mayar.

Wasu akwatuna na da sanduna biyu, hagu da dama, da wani ƙarfe da ya haɗa su. Wasu kamfanoni sun yarda a cire wannan ƙarfe, ɗaya ta zama ta nitiral ɗaya ta at, wasu ba su yarda ba. Takardar ƙofa ce za ta faɗa. Idan ba ta ce komai ba, bar su duka biyu a matsayin nitiral ka ƙara sabuwar sanda.

6. Ɗaura sandar at, ka raba wayoyin

Sandar at tana zama kai tsaye a jikin ƙarfen akwatin, a ramukan da kamfani ya tanada, da sukurorin da suka zo tare da ita. Kada ka yi amfani da sukurun katako ko na kwano mai tsini, doka ba ta ɗauke su a matsayin haɗin at ba. Idan akwai fenti mai kauri ko tsatsa a wurin, kankare shi har ƙarfe ya fito.

Yanzu aikin haƙuri. Kwance kowace tsirarar waya da koriya daga sandar nitiral, ka kai ta sabuwar sanda. Farare su zauna a tasu, kowace a raminta ita kaɗai. A tsofaffin gidaje za ka tarar an cusa farare biyu ko uku rami ɗaya, ko fara da tsirara tare. Doka ta hana haɗa nitiral biyu a rami ɗaya, kuma yanzu da wayoyin at suka tashi, ramuka sun samu. Wayoyin at kuwa wasu sanduna na karɓar biyu ko uku masu kauri ɗaya a rami, idan takardar ta faɗi haka. Wayar da ta gaza kaiwa, a ƙara mata tsawo da guntuwa mai kauri ɗaya da maɗauri mai kyau, an yarda da hakan a cikin akwati muddin akwai sarari. Lanƙwasa tsirarun su bi gefen bango, nesa da sandar nitiral, domin taɓawa ɗaya ta isa ta mayar da haɗin da ka cire.

Ka kula da farar wayar da ke ɗaure a jikin bireka. A layukan bolt 240, kamar na tukunyar ruwan zafi, akan yi amfani da fara a matsayin layif. Bar ta a inda take, ka naɗa mata jan tef ko baƙi. Haka kuma idan ka ga kebul mai baƙa da ja da fara ɗaya yana ciyar da layuka biyu, to nitiral ɗaya suke rabawa. Dole baƙa da ja su kasance a layif daban-daban, kuma birekokinsu su faɗi tare, ko da bireka mai ƙafa biyu ko da maɗaurin hannu. Idan suka faɗa layif ɗaya, nitiral zai ɗauki jimillar nauyinsu ya yi zafi, kuma babu birekar da za ta ji.

7. Murhu da injin busar da kaya masu waya uku

Wannan shi ne tarkon da ya fi kama mutane, har da waɗanda suka daɗe a sana'ar. Kafin bugun 1996, an yarda murhun lantarki da injin busar da kaya su yi amfani da nitiral a matsayin at, shi ya sa tsofaffin soket ɗinsu ke da baki uku. Doka ta bar waɗanda ke akwai su ci gaba, amma kafin bugun 2023 ta sa sharaɗi: idan nitiral ɗin tsirara ne a cikin irin kebul ɗin shigowar wuta, dole layin ya taso daga babban akwatin farko. Da zarar akwatinka ya zama reshe, wannan sharaɗi ya karye. Tsiraren nitiral zai taɓa jikin akwati da maƙalai, ya zuba wutar komawa a kan ƙarfe.

Gyaran da na fi so shi ne a ja sabon kebul mai waya huɗu, a sa soket mai baki huɗu, a canza igiyar na'urar, sannan a cire ɗan fallen da ya haɗa nitiral da jikinta a bayanta. Mutane kan canza igiya su manta da fallen. Idan nitiral ɗin tsohon layin mai rufi ne, akwai sauƙi, amma ka tattauna da sufeto tun kafin ranar aiki, kuma ka sa kuɗin wannan gyara a lissafi tun farko don kada mai gida ya ji shi kwatsam.

8. Mayar da wayoyin ƙasa zuwa babban akwati

Akwai waya mai kauri da ta fita daga tsohon akwatin zuwa sandar da aka kafa a ƙasa ko bututun ruwa na ƙarfe. Mazauninta yanzu sabon babban akwati ne, kuma ba a son a yi mata ƙari da maɗauri na yau da kullum, gara a ja sabuwa. Idan bututun ruwa ne, a kama shi cikin ƙafa 5 daga inda ya shigo gidan. Sandunan ƙasa tsawonsu ƙafa 8 ne, kuma yawanci biyu ake kafawa da tazarar aƙalla ƙafa 6, sai dai idan an auna ɗaya an ga turjiyarta ga wucewar wuta ba ta wuce om 25 ba.

Idan reshen a gini ɗaya yake da babban akwati, ba ya bukatar sandar ƙasa tasa. Idan a wani gini daban yake, kamar gareji da ke gefe, yana bukatar nasa sandunan da makashin wuta a wurin, kuma wayarsu ta tafi sandar at, kada ta je ta nitiral. Tun bugun 2008 sabon layi zuwa irin wannan gini ma waya huɗu yake bukata. Sandar ƙasa ba ta maye gurbin koriyar wayar, domin ƙasa ba ta wuce da wutar da za ta isa ta kayar da bireka.

9. Shigar da sabbin wayoyi huɗu

Layif biyu su shiga inda tsofaffin suka fita. Tsohuwar babbar bireka na iya zama a wurinta a matsayin makashi, kuma ba laifi idan lambarta ta fi ta birekar da ke ciyarwa, tunda birekar ciyarwar ce ke kāre wayar. Idan akwatin ba shi da manyan bakuna sai ta wata bireka za a shigar da wutar, dole a sa mata maƙalin da ke hana zare ta da hannu. Fara ta tafi babban bakin nitiral, koriya ta tafi sandar at. Sau da yawa ramukan sandar sun yi wa koriyar ƙanƙanta, sai an ƙara ɗan baki na musamman. Kada ka yanke wasu silin waya don ta shiga.

Fere rufin daidai tsawon bakin ba tare da ka ji wa ƙarfen rauni ba. Ɗaure kowane sukuru da adadin da aka rubuta, ka girgiza wayar mai sili da yawa ta zauna, ka sake aunawa. Sakakken baki na haifar da zafi, wanda aka matse fiye da kima kuma yana murƙushe alminiyam. Toshe duk ramin da ya rage a jikin akwatin da murfinsa.

10. Gwaji kafin wuta, da bayanta

Kafin ka ɗaura farar waya mai ciyarwa a babban akwati, kashe dukkan birekoki, ka sa mita a ma'aunin om tsakanin sandar nitiral ta reshen da jikin akwatin. Bai kamata a samu haɗi ba. Idan mita ta yi ƙara, akwai inda suka haɗu. Cire farare ɗaya bayan ɗaya har ƙarar ta tsaya, wannan layin ne mai matsalar. Abin da na fi tararwa shi ne soket da wani ya haɗa nitiral da at a bayansa don testa ta nuna daidai, ko murhun da aka manta da fallensa, ko janareto mai nasa haɗin. Gyara shi kafin ka ci gaba. Bayan ka ɗaura farar a babban akwati, haɗin zai dawo, kuma haka ya kamata, domin yanzu ta wuri ɗayan da aka yarda yake bi.

Yawancin wurare sufeto na zuwa kafin kamfani ya mayar da wuta. Idan ta dawo, tsaya a gefen akwati, kau da fuska, ka kunna birekar ciyarwa ita kaɗai. Auna: kusan 240 tsakanin layif biyu, kusan 120 daga kowanne zuwa nitiral, haka ma zuwa at. Sannan ka kunna ƙananan birekoki ɗaya ɗaya. Kunna na'urori masu jan wuta a ɓangare ɗaya ka sake aunawa. Idan layif ɗaya ya sauka ƙasa sosai ɗayan ya haura, nitiral ya saki, kashe nan take kafin kayan gidan su ƙone. A ƙarshe maƙala mita mai baki a koriyar wayar ciyarwa yayin da gidan ke cin wuta. Sifili ko kusa da shi ake nema.

Rubuta sabon jadawalin layuka a ƙofar, ka goge kalmar da ke nuna cewa nan ne babban makashin gida, ka liƙa takarda mai faɗin daga wane akwati wutar ke zuwa da lambar birekar da ke ciyar da shi.